Ƙugiyar Kawu

Daga Allah muke, wurinshi za mu koma, wannan ba mai gardama. Kawu ya koma ranar Talata da hantsi, muka rufe shi kafin azahar a gabas da tunga, inda ƙasa ke da ɗan tauri. Allah shi jiƙanshi, shi ba shi hutu, don mu dai ba mu bar shi ya huta ba.

Kwana bakwai na yi kan tabarma a ƙofar gidanshi ina karɓar gaisuwa. Abin da kunnena ya ji a kwanakin nan shi ya sa na je wurin liman na roƙi takarda. Karatuna bai yi nisa ba, amma in na yi shiru, ƙaryar da aka shimfiɗa kan tabarmar nan ita za ta zama labarinshi.

Mai gari ne ya fara. Ya zauna, ya gyara rawani, ya ce, "Ya haƙuri? Kai, mun yi rashi. Mutum mai sanyin hali, mai haƙuri, bai taɓa ɗaga ma kowa murya ba." Na ɗaga kai na dube shi. Kawun ne mai sanyin hali? Mutumin da in ya daka tsawa a bakin rijiya jakai ke tsinke dabaibayi? Kuma wannan Mai garin, shi da bakinshi ya laƙaba mashi Hawainiya, tunga duk ta ɗauka, har mata in suna daka suna saka sunan a waƙa. Yau ya mutu, hawainiya ta zama mai haƙuri.

Daga cikin gida mata na ta kuka. Na san muryoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fi kowa ɗaga murya ita ce ta taɓa cewa gugarta za ta ruɓe a ruwa kafin tsohon nan ya gama shafa igiyarshi.

Yayana, wanda muke ciki ɗaya, yana can ƙarshen tabarma kanshi a ƙasa. Duk wanda ya zo sai ya dafa kafaɗarshi ya ce, "Kwananshi ne ya ƙare, kar ka sa ma ranka." Na sani kwana na ƙarewa. Amma na ga hannun da ya taya shi ƙarewa, har da nawa a ciki.

Mutum ɗaya ne ya yi maganar da ta shiga kunnena. Wani tsohon Buzu ne da ke kawo raƙumanshi rijiyarmu duk bazara. Ya durƙusa, ya yi fatiha, ya shafa, bai yabi kowa ba. Sai ya ce mani, "Ƙarfen na ciki har yanzu?"

Na ce, "Yana ciki."

"Wa za shi fiddo shi?"

Ya dubi Mai gari, ya dubi Yaya, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Ya ce, "To ku fara ɗaure kayanku."

Ga wanda bai san mu ba, bari in faɗi abin da Buzun ke nufi. Tungarmu ta Dakoro rijiya ɗaya gare ta. Iyayenmu suka gina ta lokacin da suka taso daga kudu gudun hari, Kawu yana cikin waɗanda suka sauka da kwando. Gaba talatin ce kafin ka taɓa ruwa. Ƙasarmu kuwa rairayi ce, rijiya ba ta tsayuwa da kanta, sai an ɗaure ta da itacen kirya, gungume bisa gungume a kewaye, tun daga baki har inda aka iske ƙasa mai tauri. Shi muke kira ɗauri. In gungume ɗaya ya zare, rairayin bayanshi ya zubo, na sama su biyo shi, kafin ka ce kwabo... a'a, kafin ka sauke tulu daga kai, rijiya ta zama kabari. In ta mutu da bazara, ruwa mafi kusa da zai ɗauki shanunmu sai wajen Ɗan Gulbi, tafiyar da rabin garke ba zai kai ba. Gonaki, rumbuna, kaburburan iyaye, duk a bar su. A ranar da Buzun ke magana, ƙugiyar Kawu na maƙale a jikin ɗauri, gaba goma sha biyu daga baki, haƙoranta cikin gungumen da ya riga ya gusa.

Kawu ƙanen mahaifiyarmu ne. Gajere, baƙi, ƙafafunshi a gwame saboda shekarun taka bangon rijiya. Ba ya noma da yawa, akuyoyi huɗu gare shi. Aikinshi rijiya: ya duba ɗauri, ya yashe ta in ta cika da laka, in guga ko wasaki ya faɗa ya fiddo. Wasaki shi ne babbar gugar fata da takarkari ke ja, sa ya yi gaba da igiya, igiyar na bi ta kan gungumen da aka ɗora bisa gwafanni biyu.

Ƙugiyarshi ba irin ta kowa ba ce. Shi ya tsaya kan maƙeri har aka ƙera ta yadda yake so: haƙora uku duk suna duban gefe guda, bayanta sumul. Igiya biyu yake ɗaura mata, babba a zoben kai, da wata siririya a gindi, wadda yake kira linzami. Dalili, igiyar kaba in ta ji nauyi warwarewa take, ta yi ta juya abin da ke rataye da ita. Ƙugiya na juyawa, haƙori zai sami itace. Mai riƙe da linzami shi ke hana ta. Yana tattara igiyar daidai da masu jan babba, yana zagaya bakin rijiya, yana ji a yatsunshi ina ta dosa. In kuma tsautsayi ya sa ta kama ɗauri, ba a ja. A sassauta babba, a ɗaga linzami, ƙugiya ta kifa kai, haƙoran su zame da kansu.

Abin da yake faɗa kullum, har muka gaji da ji: "Bayanta ga bango, haƙoranta ga ruwa." Sai kuma, "Ƙugiya lallashinta ake." Ba ya aiki sai rana ta take tsaka, lokacin da haske ke sauka ciki. Kafin ya fara sai ya jiƙa igiya ya bi ta gaba-gaba da hannu, ya sansana ta, wai ruɓa a hanci ake fara jinta. Mutane na tsaye da tuluna rana na dukansu, shi yana sansanar igiya. Nan sunan Hawainiya ya samo asali. Amma shekara fiye da talatin bai taɓa taɓa gungume ɗaya da haƙorin ƙarfe ba, wannan kuwa ba wanda ya sa a waƙa.

Ba da ƙuruciya na fara bin shi ba. Ina da mata da ɗiya biyu ya kira ni, don shi Allah bai ba shi haihuwar da ta tsaya ba, kuma idonshi ya fara hazo. Rana ta uku da ya ba ni linzami, surukina ya zo wucewa ya yi sallama. Na waiga na amsa, har da ɗan rusunawa. Ban gama "lafiya lau" ba na ji jiƙaƙƙiyar igiya a gadon bayana. A gaban surukina! Na juyo idona ya rufe.

Ya ce, "Me za ka yi? Rama. Mai riƙe da linzami ba shi da uba, ba shi da suruki, ba ya amsa sallama. In liman ne ya zo, ya jira."

Na ce, "Kawu, da gemuna?"

"Bunsuru ma na da shi. Riƙe."

Wata guda ban taka gidanshi ba. Shi kuma bai aiko ba, bai ba da haƙuri ba, ba halinshi ba ne. Matarshi, wadda muke kira Inna, ita ta aiko mani da fura da saƙo, wai tsohon na zaune yana murza sabon linzami daidai tsawon hannuna. Na koma.

Kar a ce na ce waliyyi ne. Bakinshi ya fi ƙugiyarshi kaifi, kuma bai san inda ake saukar da murya ba. Abin da ya shiga tsakaninshi da Yaya ke nan. Yaya mai shanu ne, ya fi kowa garke a tunga, kuma mutum ne mai son a yi a gama. Wata rana ana fiddo guga, maza biyar na ja da hannu taki-taki, Yaya ya ce, "Kawu, sa na fiddo wasaki cike da ruwa tun safe har yamma. Ɗan ƙarfen nan ne zai gagare shi? A ɗaura mashi mu huta."

Kawu bai ko waiga ba. Ya ce, "San naka ya san gaba da baya? Shina ji in haƙori ya shafi itace? Kai da ke da kunne biyu ba ka ji, balle shi. Ko da yake ban san wanda ya fi wani hankali ba tsakaninku."

Aka fashe da dariya, har dangin matar Yaya da suka zo shayarwa. Yaya ya yi murmushi, amma na ga wuyanshi ya kumbura. Maganar Kawu gaskiya ce, sai dai gaskiyar da aka jefa ma mutum a gaban surukanshi ba ta shiga kai, ciki take sauka ta zauna. Ta zauna shekara uku.

Amma ga wani abu da na gani da idona, ban taɓa faɗa ba sai yau. Wata amarya da aka kawo daga wajen Adjekoria, kwananta bai fi ashirin a tunga ba, ta zo da gugar uwar mijinta, igiya ta kufce mata. Uwar mijin kuwa kowa ya san ta. Yarinyar ta tsaya ta daskare, ko kuka ta kasa. Ba kowa a wurin sai ni da Kawu muna gyaran kwamin shanu. Ya dube ta ya ce, "Tafi gida, ki ce tsoho ya ari guga." Da rana ta take ya fiddo ta, ya kai da kanshi, ya tsaya a ƙofar gida tsohuwar na zazzaga mashi: wai hannunshi ya mutu, wai ya tsufa ya bar ma yara aiki. Mutumin da ba a gaya mashi ɗaya bai mayar da uku ba, ya tsaya yana cewa, "Haka ne, haka ne." A hanya na ce, "Kawu, yau ina bakin?" Ya ce, "Rufe naka."

To, ranar Lahadi. Bazara ta kai inda ko kare ba ya fita rana. Kawu ya yi sammako ya tafi fadama yankan kaba, ya ce sai la'asar. Da hantsi igiyar wasakin Yaya ta tsinke, wasaki ya tafi cike da ruwa. Wasakin shi ne babba a tunga, kuma shanun Yaya tun jiya ba su ƙoshi ba, sun kewaye kwami suna tunkuɗar juna. Mai gari na wurin. Shi ya ce, "Sai mu zauna jiran Hawainiya shanu su mutu? Ga ɗan yayarshi nan, ai ya koya. A ɗauko ƙarfen." Aka aika wurin Inna da sunan Mai gari. Ta ce maigidan ya hana a taɓa, aka ce mata Mai gari ne ya ce. Ta miƙo.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Shekara shida ina riƙe linzami a ƙarƙashin tsawa, yau ni ne mai aiki. Rana ta take, muka saukar. A jifa na uku na ji ta kama. Mutane suka ce, "Ka ga! Ashe abin ba wuya." Kaina ya yi girma.

Maza biyar suka fara ja da hannu. Wasaki da ruwa da laka ba wasa ba ne. Gaba goma, hannuwa suka fara salewa, rana na cin ƙeya, shanu na kuka. Sai na ga Yaya ya jawo takarkarinshi yana ƙulla wutsiyar babbar igiya a jikinshi.

Na ce, "Yaya, Kawu ya hana."

"Kawun na nan?"

"Yaya, za ta juya."

"Kai, ni ke gaba da kai ko kai ke gaba da ni?"

Na yi shiru. Wannan shirun shi ne laifina na farko. Tun muna yara ban taɓa mayar mashi da magana a gaban mutane ba, haka aka tashe mu, kuma a ranar tarbiyyar ta fi mani rijiya nauyi. Mai gari na tsaye yana kallo.

Aka kaɗa sa. Babbar igiya ta yi gudu, na kasa tattara linzami daidai da ita, ya yi sako-sako. Na ji ƙugiya ta juya sau ɗaya, sau biyu. Linzami ya nannaɗe babbar igiya ya fara jan hannuna zuwa gungumen da ke bisa gwafanni. Yaya ya yi ihu, "Saki! Za ta cinye maka hannu!" Na saki. A daidai nan muka ji dum daga ciki, sa ya durƙusa kan gwiwa. Linzami ya warware ya sulale cikin rijiya ina kallo. Daga nan sai wata ƙara, shuuu, kamar ana juye gero a rumbu. Rairayi ne. Ba wanda ya motsa har ta tsaya.

Kawu ya iso da damin kaba a ka. Ya ga taro, ya ga igiya a miƙe kamar tsirkiya, ya ga sa. Ya ajiye dami. Muna jiran tsawa, bai yi ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya kwanta rub da ciki a bakin rijiya ya kara kunne, ya daɗe. Ya ɗago ya ce mani, "Ina linzami?"

Na nuna ciki.

Ya ce, "Har da kai?"

Shi ke nan abin da ya ce. Ya sa aka ɗaure babbar igiya a gwafa yadda take, kar ta sassauta ko da yatsa, don ƙugiyar da ta gusar da gungumen ita ce yanzu ke riƙe da shi. Ya aika aka kawo turakun kirya da guduma. Ya fara ƙulla ma kanshi igiya a ƙugu.

Na ce, "Kawu, bari ni in sauka."

"Ka san gungumen da za ka taka?"

Ban sani ba. Tsoho mai furfura har a gira, ido da hazo, shi muka zura cikin ramin da mu muka ɓata. Ya ce in ya girgiza igiya sau biyu a ja, a hankali, taki ɗaya a huta.

Muna jin guduma daga ciki, ƙwal, ƙwal, a tsaya, a sake. Har inuwa ta karkata. Sannan igiya ta girgiza sau biyu. Muka fara ja yadda ya ce, mu shida. Bai yi gaba ɗaya ba sai ga shuuu ɗin nan kuma, kaɗan ne, ashe ragowar da ke kan gungume ce ke zuba. Wani ya yi ihu, "Ta rufta! Ku ja!" Muka fizga da ƙarfinmu duka. Muka buga haƙarƙarinshi a kan bakin gungumen da ya turo. Na ji bugun a tafin hannuna ta cikin igiya. Hannu goma sha biyu, biyu nawa ne. Sau biyu a yini guda gaggawa ta ci mu, ba mu koyi komai ba tsakanin azahar da la'asar.

Ya fito jini a baki, wutsiyar linzamin da na saki ɗaure a ƙugunshi. Bai bari an ɗauke shi ba sai da ya ga na ƙulla shi a gwafa. Yana numfashi da ƙyar ya ba da umarni: kar a taɓa ƙugiya sai an yi kwana goma. Kullum da safe a zuba ruwa tulu biyu a hankali ta gefen da ya gusa, rairayin baya ya jiƙa ya kama jikinshi. A ɗebi ruwa da ƙaramar guga, da hannu, ta ɗaya gefen. Ba sa, ba wasaki.

Kwana biyu ya yi. Inna ta dama mashi fura ya kurɓa ya ce ta yi ruwa, shekara arba'in ba ta iya dama fura ba. Ta ce, "To tashi ka dama." Mai gari ya zo gaishe shi, Kawu ya juya fuska ga bango har ya fita. Yaya bai iya shiga ba, yana tsaye bayan darni. Kawu ya ji tarinshi ya ce mani, "Gaya ma wancan ya shayar da san, shi ba shi da laifi." Da safen Talata ya kama wuyan hannuna, hannunshi ba ƙarfi. Na zaci gafara zai yi mani ko addu'a. Ya ce, "Ka saki sau ɗaya. Ya isa."

Kwanakin makoki ƙaramar guga ta ci da mutane, amma ba ta ci da shanu ba. Maruƙa uku suka mutu, biyu na Yaya. Fulanin da ke sauka kusa da mu suka kaɗa nasu suka yi kudu. Kullum da safe ina zuba tulu biyu a bango, mata na kallona kamar mai zubar da nono. Ranar sadakar bakwai, an raba gumba an shafa fatiha, kwana tara ke nan da abin, Mai gari ya tara maza a bakin rijiya. Ya ce, "Marigayi ya yi nashi, Allah shi jiƙanshi. Amma dabbobi na mutuwa. A kawo shanu biyu a fizge ƙarfen nan a huta. Tara da goma duk ɗaya ne."

Ban san sanda na ɗauki gatari na zauna a gindin gwafa ba. Na ce, "Baba, kwana bakwai kana gaya ma baƙi mai haƙuri ne. Ari kaɗan daga wurinshi mana, ai bai tafi da shi duka ba."

"Kai! Ni kake gaya ma haka?"

"Kai nake gaya mawa. Kai ka aika aka karɓo ƙarfen. Duk san da ya matso igiyar nan, sai na sare mashi agara, ko na wane ne."

Aka yi caa. Wasu na cewa baƙin ciki ya taɓa mani kai, wasu na cewa a riƙe ni. Sai Yaya, wanda tun ranar Lahadin ban ji muryarshi a taro ba, ya ce, "A bari sai gobe." Mai gari ya ce, "Kai da shanunka ke faɗuwa?" Ya ce, "Nawa ne. A bari."

Laraba rana ta take. Na jiƙa linzami na bi shi da hannu. Ana buƙatar wanda zai kwance babbar igiya daga gwafa ya riƙa sassautawa yatsa-yatsa, kuma kowa ya san in rijiya ta rufta sunanshi ne za a riƙa kira har jikoki. Maza suka yi ta duban ƙafafunsu. Yaya ya fito ya tuɓe riga.

Na ce, "Yau ba ni da wa. Abin da na ce shi za ka yi."

Ya ce, "Na ji."

Ya naɗa igiya a gwafa sau biyu ya riƙe wutsiyar. Na ce, "Sassauta." Ya ba da yatsa ɗaya. "Tsaya." Ya tsaya. Na ɗaga linzami har na ji nauyin gindinta ya dawo hannuna. "Ƙara." Gumi na shiga idona ban share ba. Ƙarfen ya ci itace sosai, ya ƙi. Na ji zuciyata na ce mani fizga, sau ɗaya kawai, fizga. Na ciji leɓe na riƙa girgiza shi kaɗan-kaɗan kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Ban san tsawon lokacin ba. Igiya ta yanke tafin Yaya, jini na bin gwiwar hannunshi, bai kuma ba da ko yatsa ba sai na ce.

Sai na ji ta yi sakayau, sannan nauyi ya dawo gaba ɗaya. Ta kifa, ta fita. Rairayi ya zuba, shuu. Na rufe ido ina jira. Ya tsaya.

Daga nan gaba goma sha biyu ne kawai, amma sai da la'asar ta yi. Taki ɗaya, a huta, ina zagaya baki ina mayar da bayanta ga bango. Ba wanda ya ce a yi sauri. Ta fito haƙori ɗaya ya miƙe, wasakin Yaya rataye a sauran biyun, a yage, ba zai ƙara ɗaukar ruwa ba. Na leƙa. Turakun Kawu na nan inda ya kafa su, gungume bai motsa ba. Wata mata ta rangaɗa guɗa, na ce ta rufe mana baki, ba biki ake ba.

Aka kawo wani wasakin aka zura. Ruwan farko da ya fito na cika ƙwarya na kai gidan Kawu da kaina. Inna na cikin ɗaki tana takaba, zaune a ƙasa. Na durƙusa a ƙofa.

Ta ce, "Rijiyar ta tsaya?"

Na ce, "Ta tsaya, Inna. Ga ruwan farko."

Ta dubi ƙwaryar, ba ta miƙo hannu ba. Ta ce, "Kai ma shanun yayanka. Don su aka yi."

Na tashi na kai. Suka shanye.

Allah shi yalwata ma Kawu makwanci, shi yafe mashi kaifin bakinshi. Mu kuma da muka ja igiyar, Allah ya san sunayenmu.